Ƙirgar Kato Nwar

Sun ce baƙi ne. Ni da na yi damina goma sha tara
ina ɗaga kai a dajin Praslin har wuyana ya sage,
na san ido ne bai kai ba.
Launinsa na toka ne da aka yayyafa wa ruwa,
na gawayin da ya daɗe a rana bayan ɗaki.
Baƙi kan sauko daga jirgi don ganin baƙin aku,
in nuna musu, su kalli reshe, su kalle ni:
"Wannan ne?"
Shi ne. Kato nwar muke ce masa.
Bai iya gaisuwa ba, bai iya gulmar gida ba,
bai taɓa maimaita zancen kowa ba.
Fito yake yi, siriri, kamar yaron da ya ɓoye a duhuwa
yana kiran ɗan'uwansa.

Kwakwar teku tana rufe sama da ganye,
ganye ɗaya ya isa jinkar rumfa.
In iska ta ratsa sai ka ji kamar ana jan kwano.
A nan yake kiwo, yana ɓare 'ya'yan dabino na daji
da ƙafa ɗaya, ɗayar tana riƙe da duniya.
Yunwa ta kore shi ya gangaro gari,
ya huda gwandar Madam Ursuline, ya bar rabi.
Ta fito da tsintsiya tana zage-zage,
da yamma kuma in ta ga bai dawo ba
sai ta leƙo ta katanga: "Evariste, lafiya yake kuwa?"

Mace ba ta saƙa sheƙa.
Mataccen itace take nema, wanda gara ta rarake,
ta shige can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa.
Kowace da muryarta. Na san ta bakin rafi,
na san mai karyayyen fito ta wajen dutse.
Ta kira, maza biyu ko uku su zo bi da bi
su zuba mata abinci baki da baki,
babu mai tambayar ƙwan na wa ne.

Watan Disamba muka hau, ni da Jossy,
shi riƙe da tsani, ni da madubi da fitila.
Ƙwai uku, farare fat.
Na rubuta a littafi, ruwa ya jiƙa tawadar.
Da muka koma bayan kwana tara
ɓera ya riga mu.
Ɓawo biyu, an lashe su tas.
Jossy ya zauna a saiwa bai ce uffan ba,
ya cire takalmi, ya sake sawa.
Ɓera ma jirgi ne ya kawo shi, kamar kakannina,
sai dai shi bai taɓa ƙoshi ba.

Na ukun ya ƙyanƙyashe.
Mummuna, tsirara, kai ya fi jiki,
na auna shi a cikin safa, nauyinsa bai kai lemon tsami ba.
Muka naɗe gindin itacen da kwano mai santsi,
muka bar wa Allah sauran.

Sati shida da 'yan kwanaki, da sassafe,
ya fito bakin kogo yana kallon tsibirin
da bai da wani bayansa:
teku gabas, teku yamma,
duk danginsa a duniya ba su cika coci uku ba.
Ya faɗo kafin ya tashi, fiffike ya tuna aikinsa.

Yanzu gwiwata ta ƙi tsani, Jossy ke hawa.
Ni ina ƙasa da littafi, ina kasa kunne.
Jiya wata sabuwar murya ta tashi wajen dutse,
a karye kaɗan daga ƙarshe.
Na buɗe shafi, na rasa inda na sa alƙalami.